Wata Tara Tsakanina da Jan Biro

Mu huɗu muka tafi kafe ranar da sakamakon WAEC ya fito, cikin watan Agustan 2014. Kowa ya sayi katinsa, muka kankare bayansa da farce, mai kafe yana karɓar lambobinmu ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kaina kwamfuta ta yi ta juyi kamar ba za ta buɗe ba. Can sai ga shi: Lissafi C5, Kimiyyar Sinadarai C4, Bayoloji B3, Hausa A1. Idona ya gangara ƙasa, ya tsaya a kan Turanci. E8.

Wanda bai zauna wannan jarrabawa ba zai ɗauka E8 ci ne, tunda ba F9 ba ce. A takarda kam ci ne. Amma daga A1 zuwa C6 ne ake kira kiredit, kuma a lokacin jami'a kiredit biyar take nema, dole da Turanci da Lissafi a ciki. D7 da E8 fas ce wadda ba ta kai mutum ko bakin get. A rediyo aka ce a wannan shekarar kashi 31 cikin 100 da 'yan kai ne kawai suka samu kiredit biyar ɗin da ake nema. Abokaina suka ce ai mutuwar yawa kaka ce. Ni dai ban ga kakar ba. Na sa rai a kan NECO, ita ma da ta fito sai ga D7.

Baba tela ne. Na same shi a shago yana ɗaura zare, na miƙa masa takardar. Ba ya karanta boko sosai, amma ya san A ya san E. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Hausa A1. To, ka ci abin da uwarka ta koya maka kyauta. Wanda na biya kuɗi a koya maka fa?" Bai ƙara ko kalma ba, ya ci gaba da taka keke. Da duka ya yi mini da ya fi sauƙi.

Akwai wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya tun kafin wannan rana. Duk sanda takarda ta zo wa Baba da Turanci, ko daga asibiti ko daga wani ofis, ba ni yake ba wa ba. Sai ya naɗe ta ya sa a aljihu, bayan sallar isha ya kai wa ɗan maƙwabcinmu da ke jami'a. Ina aji shida na sakandare, ina kallo. Bai taɓa cewa don ban iya ba ne, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Yadda mutum zai yi shekara 12 a makarantar boko ya fito bai iya haɗa jimla uku ba, ba abin mamaki ba ne ga wanda ya yi irin makarantarmu. A tsarin ilimi na lokacin, da harshen gida ake koyar da yaro a shekara ukun farko na firamare, daga aji huɗu a koma Turanci. A ajinmu abin da aka koma shi ne malam ya cika allo da Turanci, ya juyo ya yi bayani da Hausa, mu kwafe, mu haddace, ranar jarrabawa mu amayar. Na iya kawo ma'anar suna da aikatau da Turanci ba tuntuɓe, kamar karatun sallah. A ce in tambayi hanyar tasha kuwa, sai ido.

Da muka shiga sakandare aka kafa dokar hana banakula. Wanda aka ji yana Hausa, monita ya rubuta sunansa, a ci shi tara ko ya sha bulala. Masu dokar sun ɗauka za mu koma Turanci. Shiru muka koma. Ni kuwa nawa shirun yana da ranar farawa. Muna aji biyu malamin Turanci ya tashe ni in karanta wani sakin layi, na zo kan kalmar "people" na ce "fiful". Aji ya fashe da dariya, har da masu dukan benci, alhali rabinsu haka za su faɗa. Shi ma malam ya murmusa. Daga ranar sunana ya koma Fiful, kuma sunan ya bi ni har na gama makaranta. Ban sake ɗaga hannu a ajin Turanci ba.

Bayan fitowar NECO wani abokin Kawuna ya zo da shawara. Ya ce akwai wata makaranta a bayan gari, in an ƙara kuɗi a kan na rajista, ranar jarrabawa a allo ake rubuta amsa, kai dai ka kwafa. Zan so in ce tsoron Allah ne ya hana ni. Gaskiya raina ya biya ƙwarai. Baba ya tambayi kuɗin, aka faɗa masa, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ba ni da su. Kuma ko ina da su..." Bai ƙarasa ba. Aka tsayar da magana zan sake zama a watan Mayu mai zuwa, kafin nan in riƙa bin Kawu kasuwa kada zaman banza ya lalata ni.

Shagon Kawu yana Kasuwar Sabon Gari, kayan wuta yake sayarwa: waya, soket, ƙwan fitila, makunni. Sabon Gari kuwa kowa ya sani, babu yaren da ba a ji. Na ƙirƙiro wa kaina dabara: da na hango mai saye da alamar Turanci zai yi, sai in tuna ana nemana a wani wuri. Jikin shagonmu akwai wata dattijuwa 'yar ƙabilar Ibo mai sayar da littattafan rubutu da biro, kowa Madam yake ce mata. Ashe tana lura. Wata rana ta ƙwala mini kira da Hausa, "Kai yaro, zo nan. Me ya sa kullum mai Turanci ya zo, kai fitsari yana kama ka?"

Na so ƙasa ta tsage. Na yi ta kame-kame, daga baya na faɗa mata gaskiya, har da E8 ɗin. Ashe tsohuwar malamar Turanci ce, ta yi shekaru tana koyarwa, kuma ta sha zuwa makin takardun WAEC kafin ta yi ritaya ta kama shago. Ta ɗauko littafi mai falle 60 guda biyu ta ajiye a gabana. Sharaɗinta: kullum in rubuta shafi ɗaya a kan abin da ya faru a kasuwa, in kawo mata da safe. Ladanta kuwa in share mata shago, in sauke mata katan in kaya sun zo. Na ce na biyun fa? Ta ce, "Wannan asibiti ne. Za ka gani."

Shafin farko na rubuta shi a kan wani ɗan dako da ya yi faɗa da mai baro. Na yi kusan awa biyu a kansa, na cusa duk manyan kalmomin da na haddace, ina jin na burge. Madam ta sa tabarau, ta cire murfin jan biro da haƙori. Tana karatu tana zagaye. Da ta miƙo mini, shafin kamar an yanka kaza a kai. Na ƙirga zagaye 34.

A nan ta buɗe mini abin da ban taɓa jin wani malami ya faɗa ba a shekara shida. Insha'i maki 50 ne, kuma kashi huɗu ake raba shi: 10 na abin da ka faɗa, 10 na yadda ka tsara shi, 20 na yadda ka sarrafa harshe, 10 na tsabtar rubutu, wato nahawu da harafi da alamomin tsayawa. A wannan goman na ƙarshe, kowane kuskure rabin maki ake cirewa. Kuskure 20 ke nan sun cinye shi tas. Ta ce yawancin yara tun kafin su gama shafin farko sun riga sun yi asarar goman nan, ba su sani ba. Sannan ta nuna wata doguwar kalma da na sa, ta ce in faɗi ma'anarta. Na kasa. Ta soke ta, ta rubuta "big" a samanta. "Mai maki ba ya jin tsoron babbar kalma. Ƙaramar jimla mai lafiya ta fi doguwa mai ciwo."

Asibitin kuwa ga yadda yake aiki. Kowane kuskure sai na kwafe shi a littafi na biyu: a hagu yadda na rubuta, a dama yadda ya kamata, a ƙasa in ƙirƙiro jimla uku da daidai ɗin. Da farko na ɗauka horo ne kawai. Sai da na yi kamar sati uku na lura kurakuran nawa ba su da yawa kamar yadda jan biro yake nunawa. 'Yan gida ɗaya ne, suke ta dawowa da riga daban-daban. Kuma kusan dukkansu Hausa ce take leƙowa ta ƙarƙashin Turancin.

Na rubuta "I am hearing hunger", domin mu yunwa jin ta muke yi, kamar yadda muke jin sanyi, mu ji ƙanshi, mu ji Hausa. Na rubuta a sha magani da "drink", alhali ƙwaya ce, su kuwa ɗauka suke cewa. Na ce wa mota "she", saboda a wurinmu mota mace ce, kuma babu abin da ba namiji ba ne ko mace, har dutse da tukunya. Na rubuta "borrow me your biro", domin kalmar aro ɗaya ce a bakinmu, ko kai ka karɓa ko kai ka bayar, su kuwa biyu suka yi. Wanda ya fi wahalar da ni shi ne lokaci. A Hausa ka ce ya tafi, zai tafi, yakan tafi: ɗan ƙaramin abin da ke gaban aikatau shi yake ɗaukar nauyin lokaci, aikatau yana zaune abinsa. A Turanci aikatau ɗin ne da kansa yake sauya kama, wani ma ya rikiɗe gaba ɗaya, "go" ya koma "went" ba dalili ba hujja. Ranar da na gane wannan na ji kamar an buɗe taga a ɗaki. Shekara da shekaru ina ɗauka ƙwaƙwalwata ce ba ta ja, ashe ƙa'idar wani harshe nake bi daidai a inda ba gidanta ba.

Madam ba ta taɓa ce mini in daina tunani da Hausa ba. Cewa take yi in san inda hanyoyin biyu suka rabu. Har ta kan sa ni in lissafo kalmomin Turanci da suka shigo Hausa suka sa babbar riga: burodi, tebur, bokiti, direba, asibiti, sukurudireba. Ta ce in duba abin da bakinmu ya yi musu. Sau da yawa inda baƙaƙe biyu suka haɗu mun cusa wasali a tsakani, inda kalma ta ƙare da baƙi mun ƙara mata wutsiya. Shi ya sa nake cewa "sukul" da "sitirit". Abin da kunne ya saba ne, ba cuta ba.

Sai maganar fiful. Na ba ta labarin, ina tsammanin za ta tausaya. Dariya ta yi har da share hawaye, sannan ta yago 'yar takarda ta riƙe a gaban bakinta. Ta ce "pan", takardar ta yi tsalle. Ta ce "fan", takardar ta ɗan karkata kawai. Bayanin ashe ɗan kaɗan ne. Fa ɗinmu ta Hausa da leɓɓa biyu muke yin ta, shi ya sa take yawo, wani ya ce fita wani ya ce hita, duk Hausa ce. Turanci ya raba wurin gida biyu. A ɗaya, haƙoran sama ne suke sauka kan leɓen ƙasa iska ta zirara. A ɗayan, leɓɓa su rufe ruf, iska ta taru, ta fashe. Shi ke nan. Abin da ya rufe mini baki shekara biyar, an warware shi a minti biyar a kan benci a kasuwa.

Sanin abu daban, bakinka ya yarda daban. Kullum bayan magariba sai in zauna a soro da 'yar takardata ina "pan, fan, pull, full, pill, fill". Ƙanwata ta leƙo ta koma da gudu tana dariya. Umma ta fito da fitila ta tsaya a kaina ta ce, "Wai tofi kake yi wa takardar nan, ko lafiya?" Na ce karatu ne. Ta ce, "Allah Ya kyauta. Karatun zamani har da hura wuta." Sai da na yi wajen wata guda kafin harafin ya fara fitowa ba tare da na tsaya na shirya masa ba. Ko yanzu in na gaji ko raina ya ɓaci, fiful tana nan tana jirana.

Kunne kuma rediyo ne ya gyara shi, kuma a nan Baba ya taimaka bai sani ba. Tun ina yaro da Sashen Hausa na BBC muke karyawa. Madam ta ce kada in bar wannan ya tafi a banza: in saurari labaran safe da kyau, in na iso kasuwa in tsaya wurin mai jarida in nemi labarin nan dai a jaridar Turanci. Tunda na riga na san abin da ya faru, kalmomin da ban sani ba sai su riƙa faɗa mini ma'anarsu da kansu. Wani lokaci in haɗa Aminiya da Daily Trust, tunda gida ɗaya ke buga su. Sannan wani mai tura waƙoƙi a waya ya zuba mini shirye-shiryen Muryar Amurka na masu koyo a memori. A 1959 suka fara shirin, da kalmomi wajen 1,500 kawai, kuma a hankali mai karatun yake tafiya, kamar mai ba yaro abinci. Ban wani ƙirƙiro sabuwar hanya ba, ta makarantar allo na ɗauko: ya faɗa, in tsayar, in maimaita da ƙarfi, sai na biya sau goma in wuce gaba. Mu da muka haddace izu-izu da ka a harshen da ba namu ba, ban san wa ya ce mana wannan baiwar ba ta aiki a boko ba.

Kada in sa a ɗauka tafiyar ta miƙe. Cikin Disamba, ana tsakiyar hunturu, na rubuta wani insha'i da na tabbata zagayen ba zai wuce goma ba. Ya dawo da 27. Ga shi a majalisarmu an sa ni a gaba, in na zo sai a ce ga Bature ya iso, a yi ta yi mini iyayi da hanci. Na jefa littattafan biyu ƙarƙashin katifa. Kusan sati uku ina zagayewa ta bayan layi don kada in bi ta gaban shagon Madam. Ba ta aiko ba, ba ta tambayi Kawu ba. Wannan ma ya ƙara ba ni haushi.

Abin da ya dawo da ni ƙanwata ce, mai dariyar nan. Ta kawo aikin gida, an ba su jimloli su mayar da su lokacin da ya wuce, tana ta kuka ba ta gane ba. Na karɓa don in rabu da ita, sai na ga ina yi ba tare da tunani ba, har ina yi mata bayani da ya tafi da zai tafi. Ta ce, "Yaya, ashe ka iya." Washegari na ɗauki tsintsiya na shiga shagon Madam. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Fitsarin ya ƙare?" Ta miƙo hannu a ba ta littafi.

A lokacin ne ta kafa sabuwar doka: duk mai sayen da ya yi Turanci, ni zan tare shi, kuma tana ji daga shagonta. Na farko wata mata ce ta zo sayen ƙwan fitila. Na shirya jimlar a raina tsaf, na buɗe baki na tambaye ta guda nawa take so, sai "pieces" ta fito "fisis". Matar ta yi 'yar dariya, ta ce shida, ta biya, ta tafi. Na tsaya ina jiran abin da zai biyo baya. Babu abin da ya biyo baya. Kawu yana ƙirga canji, masu baro suna ta a ba su hanya. Shekara biyar ina gudun wannan dariyar, ashe tsawonta bai kai a sha ruwa ba.

Kuma ga Madam a gabana kullum. Hausarta gudu take kamar ruwa, amma ba ta da ƙa ba ta da ɗa. Ƙasa da kasa duk ɗaya ne a bakinta, ta kan ce "mijina ta tafi" hankalinta kwance. Ba wanda ya taɓa fasa sayen biro saboda haka. Mutane ma yaba mata suke yi, ana kai Madam ta iya Hausa kamar jakar Kano. Wannan hali namu har yau yana ɗaure mini kai. Baƙo ya kama harshenmu ya karya shi gida bakwai, mu tafa masa. Ɗan'uwanmu ya gwada Turanci ya yi tuntuɓe ɗaya, mu sa masa suna. In kuma ya iya, mu ce iyayi ne. Yaro ɗan shekara 13 da aka sa a wannan tsaka mai wuya, ba abin da zai zaɓa sai shiru, kuma na san da yawa daga cikin 'yan ajinmu da suka fi ni kai, shirun nan ne ya ajiye su.

Watan Fabrairun 2015 kasuwa ba ta da zance sai zaɓe. Daren 7 ga wata shugaban hukumar zaɓe, Farfesa Attahiru Jega, ya sanar an ɗage zaɓen daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris. Da safe na ji a rediyo da Hausa, na iso wurin mai jarida na ga kalmar ɓaro-ɓaro a shafin farko: "postpone". Pa biyu a kalma ɗaya, kamar don ni aka yi ta. Ina tafe ina maimaitawa. Wani mai saye ya shigo yana tambayar Kawu da Turanci wai me ake ciki, na riga Kawu amsawa, na ce an ɗage zaɓe sati shida, kalmar ta fito da pa ɗinta biyu cif. Mutumin bai ma lura ba, ya ci gaba da ƙorafinsa. Daga shagon da ke jikinmu na ji an buga tebur sau biyu.

Kuɗin rajista daga adashin Umma suka fito, ta ɗauki kwasarta ta ba ni ba tare da ta ce komai ba, wanda ya fi kowace nasiha nauyi. A watan Maris na zauna JAMB, shekarar da aka mayar da kowa kan kwamfuta, sai da na biya kuɗin awa uku a kafe don hannuna ya saba da linzami. Daga nan muka koma kan tsofaffin tambayoyin WAEC gadan-gadan. Madam ta fi matsa mini a kan taƙaitawa, mai maki 30, inda yara suke kwafo jimlar marubuci ɗungurungum su ajiye, a hana su maki. Dole ka faɗa da bakinka, a cikakkiyar jimla, ba ƙari. Ta kan karanta mini sakin layi ta ce in faɗa mata da Hausa a numfashi ɗaya, in na iya sai ta ce to mayar da shi. Akwai kuma takardar furuci, wadda har yau take ba ni dariya: tambaya 60 a minti 45 a kan yadda ake furta kalmomi, amma ba mai buɗe baki, da fensir muka amsa. A nan tsawon wasali na Hausa ya yi mini rana. Wanda kunnensa ya raba gari na zama da gari na tuwo ba zai sha wuyar raba "ship" da "sheep" ba.

Ranar jarrabawa na zaɓi wasiƙa a cikin tambayoyi biyar, don ita na fi yi wa Madam. Ana son kalma 450. Na riga na san layina ɗaya yana ɗaukar kalma takwas zuwa tara, don haka layi na ƙirga ba kalma ba. Ban sa kalma ko ɗaya da ba zan iya fassara wa Umma ba. Na bar minti goma na ƙarshe na bi takardar ina farautar 'yan gidan nan da na sani: aikatau da ya manta lokacinsa, "s" da ta faɗi, ƙaramin harafi a farkon jimla. Na kama bakwai. A gefena wani yana ta zungurina in buɗe masa. Abin ya ba ni mamaki fiye da haushi, wai yau ni ake leƙa wa Turanci.

Agusta ta zagayo, na koma kafen nan ni kaɗai. C5. Ba A ba ce, ba B ba ce, kuma na san dalili, jan biro bai taɓa sauka ƙasa da zagaye tara ba har ranar ƙarshe. Na kai wa Madam. Ta duba, ta ninke, ta miƙo mini, ta ce akwai katan huɗu a bakin layi tun safe suna jirana.

Baba kuwa ya karɓi takardar ya kai ta kusa da fitila. Ya ce, "C ɗin nan ita ce ake nema?" Na ce ita ce. Ya gyaɗa kai, ya ce Alhamdulillahi, ya ci gaba da ɗinki. Na juya zan fita sai ya ce in dakata. Ya ɗaga ƙyallen da ke kan akwatin keke, ya zaro wata takarda a ninke, ta asibiti ce, ta sakamakon gwajin da aka yi masa kwana biyu da suka wuce. Ya miƙo mini.

Na zauna a kan benci na fara karantawa ina mayar masa da Hausa, layi bayan layi. A layi na biyar na ci karo da wata kalma doguwa da ban taɓa gani ba. Na ji tsohon zafin nan ya taso mini a wuya, na ce a raina in yi tsalle in wuce, ba zai sani ba.

Na ce, "Baba, wannan ban san ta ba. Bari in ɗauko ƙamus."

Ya ce, "Ɗauko mana." Ya tsayar da keken, ya jira.